Tambaya da Amsa: An gayyace ni zagayen mashayu da ɗan dirag a Manchesta, ya zan yi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni nas ce a wani asibiti anan Manchesta, ban daɗe sosai da zuwa ba. Akwai wata baturiya da muke wod ɗaya zata yi aure, kuma wallahi matar nan ta min halacci, ita ta riƙe ni sanda nazo bansan gabas ba bansan yamma ba, in azumi yazo har musayar shif take dani dan in samu in sha ruwa akan lokaci. To sai gashi an saka ni a guruf ɗin WhatsApp na fatin da ƙawaye ke haɗa wa amarya kafin biki, wai ranar Asabar da yamma za'a haɗu a Canal Street ayi zagayen mashayu kuma dirag kwin ce zata jagorance mu, kowa ya turo fam 35. Na ga hoton da aka saka, namiji ne ya sha kwalliya da gashin kanti da takalmi mai tsini. Anti menene wannan abun, ɗan daudu ne irin na gida? Ni bana shan giya kuma da hijabina nake fita, in naje na sha lemo kawai akwai matsala? In kuma naƙi zuwa tsorona kar suce ƙyamarsu nake har abun ya taɓa aikina.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, duk wanda ya zauna Ingila yana aiki cikin turawa, ballantana ku ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi da kuka yi yawa can kwanan nan, wata rana sai irin wannan gayyata ta same shi. Bari in fara faɗa miki abun da fam 35 ɗin nan zata saya tukuna.

Bin mashayu ɗaya bayan ɗaya a dare guda tsohuwar al'adarsu ce. A Leeds ma akwai wadda tayi suna, Otley Run, ɗalibai su sa kayan ban dariya su taso daga wajen Headingley suna shiga mashaya suna fita har su gangaro cikin gari. Abun da masu kasuwanci suka ƙara akai shine mai jagora. Za'a ce ku haɗu a mashaya ta farko, a duba sunayenku a ɗaura muku wata 'yar roba a hannu wadda ita ce tikitinku na shiga sauran wuraren, sai ɗan dirag ɗin ya fito da makirfo ya sa ku a gaba a ƙafa, ku zauna kamar rabin awa ko fiye a kowane wuri, galibi da an shiga ake miƙa wa kowa ɗan mitsitsin kofi na giya mai ƙarfi a kurɓe a tashi ɗaya. Tsakani ana wasanni, a sa waƙa shi yana motsa baki kamar shi yake rerawa, a fito da amarya tsakiya a sa ta yin abubuwan kunya ƙawaye na ihu suna ɗauka a waya, ƙarshe a dire a wani kulob inda ake rawa har tsakar dare ko a kalli wasan dandamali. Su masu mashayun riba suke ci dan an kawo musu kwastomomi tun da wuri kafin gari ya cika, shi yasa suke yarda da rangwame.

Aikin ɗan dirag a daren kusan irin na sanƙira ne a gidan biki, ya wasa wannan ya zolayi wancan ya hana wurin yin sanyi. Sai dai zolayar tasu akwai batsa tsagwaronta, kuma abun da nake so ki riƙe shine idonsu na kan wadda tayi shiru a gefe. Mai hijabi ɗaya cikin mata goma sha, riƙe da kofin lemo, kece zai fara nufowa da makirfo, ba dan mugunta ba, sana'ar ce haka, dariya yake nema kuma mai kunya tafi bada dariya.

Maganar ko ɗan daudu ne kuwa, akwai kama akwai bambanci. Ɗan daudu a wajenmu yanayin rayuwarsa ne kullum, maganarsa da rangwaɗarsa da zamansa cikin mata da sana'ar abinci, haka zaki same shi da safe haka zaki same shi da dare. Ɗan dirag shiga yake yi dan wasa. Zai kwashe awanni gaban madubi yana liƙa gashin ido, ya shafe girarsa da gam ya zana wata sama da ita, ya cusa soso a ƙugu, ya ɗauki wani suna na dandamali, in an tashi ya wanke fuska ya sa wandonsa ya hau bas, wataƙila ma ranar Litinin a banki ko shago yake aiki. Da yawansu 'yan luwaɗi ne kuma a mashayunsu sana'ar ta girma, amma ba duka ba, kuma daban suke da waɗanda suka sauya jinsi, har mata akwai masu yin shigar maza suna wasan. Canal Street ɗin da aka ce ku haɗu itace cibiyar unguwar masu neman jinsi ɗaya a Manchesta, a bakin magudanar ruwan Rochdale, kamar yadda Old Compton Street take a Soho ta Landan.

Abun da zai sa ki gane me yasa abokan aikinki basu ga komai a ciki ba shine da abun suka tashi. Kafin 1660 mata basa hawa dandamalin wasan kwaikwayo a Ingila, samari ne ke fitowa a matsayin mata. Har gobe duk lokacin Kirsimeti ana yin wasan barkwanci da ake kai yara, kuma a al'adance ƙaton namiji ne ke fitowa a matsayin tsohuwar uwa da rigar fal-fal, iyaye da kakanni na dariya. Paul O'Grady da ya rasu a 2023 da shigar mata yayi suna, da sunan Lily Savage, har ya gabatar da shiri a BBC. Sai kuma gasar talabijin ta 'yan dirag ta RuPaul da aka fara a Amurka a 2009, aka kawo ta Birtaniya a 2019, ita ta ƙara fito da abun fili har ya zama kayan fatin amare. Wani abun ma, akwai masu zuwa mashayun nan na asali da ke ƙorafin garken ƙawayen amare sun mayar musu da wuri gidan kallo, wasu wuraren har hana su shiga suke. Dan haka ƙawarki bata gayyace ki dan ta gwada imaninki ba, a ganinta ta saka ki cikin na kusa ne, da bata saka ki ba ma rashin kyautawa zata ɗauka tayi.

To mu zo kan lemo. Ni ba malama bace, amma abun da malamai ke kafa hujja dashi sananne ne, akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, akwai kuma wanda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas akan maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. Ki tambayi malamin da kika yarda dashi a can wanda yasan zaman ƙasar. Amma ko a ajiye wannan, a ra'ayina daren nan bai dace dake ba ko kaɗan. Da liyafar cin abinci ce da wasu ke shan giya a gefe da sai muce ga abinci ga hira, wannan kuwa giyar ce ginshiƙin, ita ake bi daga ƙofa zuwa ƙofa, kuɗin tikitinki ma ita ya saya. Ga al'adarsu ta zagaye, yanzu wannan ta sayo wa kowa an jima waccan, in layi yazo kanki ya zaki yi, ki je kantar mashayar ki ɗauko musu? Zuwa mashaya ta uku kowa ya fara layi, ke kaɗai ce a hayyacinki, ke zaki koma mai riƙe jakunkuna da raka mai amai banɗaki, nas a wod nas a titi. Ba daɗi zaki ji ba kuma su ma zasu lura a takure kike.

Batun aiki kuma, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta kare addini, laifi ne a muzguna miki ko a danne miki ƙarin girma dan kin ƙi zuwa mashaya saboda addininki, balle wannan fati ne na ƙawaye ba na asibiti ba. Amma ki sani ita wannan dokar dai ta kare masu neman jinsi ɗaya da waɗanda suka sauya jinsi, kuma hukumar NMC da ta baki lambar aiki tana iya hukunta nas akan abun da ta rubuta a soshiyal midiya. Inda mutanenmu ke jawo wa kansu kenan. Ƙin zuwa ba komai bane, abun da ke kai mutum ofishin manaja shine ya tsaya yin wa'azi a guruf, ko ya ɗauki hoton ɗan dirag ɗin ya saka a sitatus da a'uzubillahi da zagi, ya manta akwai abokan aiki a cikin masu kallon sitatus ɗin. Kuma ko babu doka, mutumin nan neman abincinsa yake bai miki komai ba, gobe ma zai iya zuwa wod ɗinki a kan gado ki kula dashi kamar kowa.

Ga yadda zaki yi. Kar ki amsa a guruf, ki samu amaryar ita kaɗai a lokacin hutun shan shayi kice mata kin ji daɗin gayyatar sosai, amma kin san ni bana zuwa mashaya saboda addinina, inaso in yi miki nawa daban. Shikenan, kar ki ƙara bayani, kar kuma ki ƙirƙiro ƙaryar shif ko ciwon kai dan wata gayyatar na nan tafe kuma ƙarya bata da ƙafa. Ki yi da wuri kafin su biya kuɗin adadin mutane, dan in an riga an biya sauran ne zasu cike gurbinki kuma wannan ne ke ɓata musu rai. Sau da yawa irin fatin nan yana da ɓangaren rana, cin abinci ko shan shayi da kek ko gyaran farce, ki tambaya in akwai kije wannan ki musu sallama kafin magariba. In babu, ki ɗauke ta ku je Wilmslow Road a Rusholme inda gidajen abincin halal suka yi layi, ko ki dafa mata dafaduka da kaza ki rage yaji, ki haɗa da turmin atamfa ko turaren wuta. Matar da ta iya musanya shif dan ki sha ruwa ta riga ta san wacece ke.

TAMBAYA: Anti ni Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna ina digiri na biyu a Brighton, 'yan ajinmu sun shirya irin wannan zagayen da ɗan dirag na murnar gama jarabawa kuma ni na yanke zanje, ina ɗan taɓa giya kaɗan. Me ya kamata in sani?

AMSA: To ƙanwata tunda kin yanke, ga abun da zan ce. Ki tafi da fasfo ko lasin tuƙi, shekarar shan giya 18 ce amma masu gadin ƙofa na tambayar duk wanda suka ga kamar bai kai 25 ba, katin makaranta kuma ba lallai su karɓa ba. Ki ci abinci ki ƙoshi kafin ki fita, ki sa takalmi mara tsini dan tafiyar ƙafa ce ga iskar bakin teku. Ƙananan kofunan nan na kyauta sune ke kada mutane, ba dole ki karɓa a kowace mashaya ba, kice a baki ruwa, mashaya mai lasin dole ta bada ruwan famfo kyauta in an tambaya. Kofinki kar ya bar hannunki, in kin ajiye kin juya baya to ki barshi, ana zuba wa mutane ƙwaya a abun sha. In wani ya matsa miki ki je wajen masu sayar da abun sha kice kina neman Angela, tsari ne da aka fara a Lincolnshire a 2016 wanda mashayu da yawa suka ɗauka, ma'aikatan zasu gane kina neman taimako su raba ki dashi. In abu ya ɓaci ki kira 999, lambar agajin gaggawa.

Shi ɗan dirag ɗin kar ki taɓa masa gashi ko jiki ko da wasa, suna jin haushin wannan sosai kuma kayan tsada gare su, in bakya son ya jawo ki tsakiya ki faɗa masa tun a mashaya ta farko, yawanci suna ji. Sai hoto. Abun da 'yan ajinku ke ɗauka a matsayin wasa a gida wata fassara za'a masa, kin san tun 2014 akwai dokar da ta haramta auren jinsi a Najeriya kuma kin san bakin mutane, hoto ɗaya ya faɗa guruf ɗin dangi ko na coci sai Mama ta kwana bata yi barci ba. Ki faɗa musu tun farko kar wanda ya saka ki a Instagram ko TikTok ba da izininki ba, in ana ɗaukar na taro ki koma gefe. Ku shirya da ƙawa ɗaya cewa tare zaku koma gida, ki duba lokacin bas ɗin ƙarshe tun kafin ki fita, in kuma tasi ce ki hau mai lasin ko wadda kika kira ta manhaja ki duba lambar motar kafin ki shiga.