Leƙa mani kafin in karya kwana

Wai kana tambayata mi ya sa duk inda za mu sha kwanar dama da tifar nan sai na sa ka zuro kai ta taga, bayan ga hon. Da ka rage danna waya, yaro, da tuni ka gano da kanka.

Sitiyarinmu a hagu yake, tun 1972 da ƙasar nan ta koma bin hannun dama. Mai keke kuwa bakin titi yake bi, ta ɓangarenka. Duk wanda ya raɓo ƙarƙashin ƙofarka, ko ya tsaya daf da bamba, ni daga sama ko hularshi ban gani. Kuma in kan tifa ya karya, ƙafafun baya ba su bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Nan ake taka mutum. Zancen sigina da iskar birki kuwa ba ni ɓata bakina.

Wani ɗan kwangila ya taɓa ba ni tifarshi ina kai mashi yashi, tun ba a yi gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ba. Madubin dama ya tsage, da tsohon tub aka ɗaure shi. Na ce a sawo sabo, ya ce sai an biya shi kuɗin aiki. Yaron mota ma ya hana mani, wai ɓarnar kuɗi ce. Ranar da abin ya faru an tashi 'yan makaranta, ina ɗauke da jiƙaƙƙen yashi, na karya dama a hankali sai na ji ƙaras, mutane na ihu suna dukan bodi. Na diro na iske keke ya lanƙwashe ƙarƙashin taya, littattafai a watse, yaron na gefe rungume da ƙafa. Allah ya yi da sauran kwananshi, karaya ce.

Ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya ɓace. Da aka lalubo shi ya ce gangancina ne. Kuɗin ɗori, sabon keke, fito da mota, duk a kaina, har tumakin uwargida sai da aka kai kasuwa. Sannan ya danne mani kuɗin sawu, wai na gyara ne, motar da ko fenti bai goge ba. Har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ba kunya.

A Landan tun 2015 babbar mota ba ta yawo cikin gari sai da ƙarin madubai da ƙarfen kariya tsakanin tayoyi, kada mai keke ya faɗa ƙarƙashi. Wane mai walda ne a Katsina zai kasa haɗa wannan ƙarfe? Masu motocin ne ba su son zaro kuɗi.

Gobe tsakuwa za mu ɗauko, ta Ƙofar Guga za mu shigo. In ka ga keke a gefenka kada ka tsaya kiran oga, bugi ƙofa da ƙarfi. Ko tsakiyar kwana ne ni taka birki zan yi, na baya su yi ta zagi.