Filin Lambu: furen ƙararrawa da ke jiran sanyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Leeds, ƙasar Ingila. A watan Yuni na sayi irin wani fure, an rubuta Canterbury bells a jikin takardar, da hoton shuɗayen furanni masu siffar ƙararrawa. Na shuka a bayan gida, ya tsiro lafiya, amma ga shi mun shiga Oktoba ba kara ba fure, sai ganye kwance a ƙasa. Maigida ya ce in tuge in huta. Irin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? — Wata mai karatu, Leeds

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki tuge. Ki ba maigida haƙuri, ya ɗaga miki ƙafa zuwa Yunin baɗi. Irinki lafiyarsa ƙalau, hannunki ma haka. Abin da kika shuka tsiro ne mai rayuwar shekara biyu. Shekarar farko ganye kawai yake yi, ya tara abinci a saiwa. Ta biyu ya miƙe, ya yi fure, ya zuba iri, ya mutu.

Masana tsirrai suna kiransa Campanula medium, sunan da Carl Linnaeus ya sa masa a 1753. Asalinsa daga gangaren duwatsun kudancin Faransa da Italiya ne, kuma tun ƙarni na 16 Turawan Ingila suke shuka shi a lambunansu. Ganyen nan da ya dame ki, ki duba shi da kyau: ya fito a zagaye daga cibiya ɗaya, ya kwanta kusa da ƙasa, in kin shafa za ki ji gashi-gashi mai kaushi. Wannan cibiyar ita ce jarinki. Ba za ta saki kara ba sai ta sha sanyi na makonni da dama, irin sanyin da ke kusa da na firij, sannan ta ga yini ya yi tsawo. Sanyin Disamba da Janairu da kuke kuka da shi a can, shi take jira.

Manoman albasa na Aliero da na Galmi sun san wannan hali. Albasa a zagayen farko kai take yi. In ana son iri, sai a koma a dasa kan albasar lokacin hunturu, sannan ta fitar da kara ta yi fure. Ba wanda ya taɓa tuge albasa don ba ta yi fure a zagayen farko ba.

Aikin da ke gabanki a wannan wata ba shi da yawa. In sun cunkushe, ki raba su yanzu kafin ƙasa ta daskare, ki bar tazarar santimita 30 tsakanin kowane gindi, a inda rana ke samu ko da rabin yini ne. Kar ki binne cibiyar, ki bar ta daidai da fuskar ƙasa. Sanyin Ingila ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi ruwa ne da ya kwanta a gindi duk tsawon hunturu, cibiyar ta ruɓe. In ƙasar bayan gidanki mai laka ce, kamar yadda take a gidaje da yawa a can, ki cakuɗa ta da tsakuwa ƙanana da takin da ya ruɓe sosai, ko ki ɗan tada kunya ki dasa a kai. Sai dodon koɗi, mai kwanso da marar kwanso, da dare suke fitowa su cinye ganyen. Ki riƙa kwashe busassun ganyen da suke fakewa a ƙarƙashi, ki fita da tocila bayan isha'i ki tsince su.

Wajen Afrilu za ki ga tsakiyar ta fara tasowa. Karan yakan kai santimita 60 zuwa 90, kuma furannin suna da nauyi, don haka ki kafa masa sanda tun yana gajere, kar iska haɗe da ruwa ta kwantar da shi a dare ɗaya. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli yake buɗewa: shuɗi mai ja-ja, ko ruwan hoda, ko fari, kowane fure tsawonsa wajen santimita 5.

In ya buɗe, ina roƙonki ki durƙusa ki leƙa cikin guda ɗaya, don abin da na fi so a wannan tsiro yana ciki. Akwai wani siririn sanda a tsakiya, jikinsa duk gashi. Tun furen yana rufe, sassan namiji suke zube garinsu a jikin wannan gashi, sannan su yanƙwane su kwanta a gindi. Ƙudan zuma ya kutsa neman zaƙi a ƙasan ƙararrawar, ya gogi sandan, ya fito bayansa buɗu-buɗu da gari. Sai bayan 'yan kwanaki bakin sandan ya tsage gida biyar, ya shirya karɓar garin da wani ƙudan zai kawo daga wani furen. Ki ƙirga tsagin da kanki. Yawancin danginsa uku suke yi, shi biyar ne, kuma da haka ake gane shi.

Furen da ya bushe ki riƙa tsinke shi ɗaya-ɗaya, ki bar karan, sau da yawa wasu sukan sake fitowa a gefe. Amma ki bar 'yan kaɗan su nuna su yi kwanso. Sannan in kina son ki riƙa ganin fure kowace shekara, dole kowane Mayu ko Yuni ki yi sabuwar shuka, ta yadda wasu na fure wasu na ganye. Irin ƙanana ne ƙwarai, kuma haske yake so kafin ya tsiro, saboda haka yayyafa shi ake yi a kan damshin ƙasa a ɗan danna da tafin hannu, ba a rufewa. Cikin mako biyu zuwa uku zai fito.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya aiko min da irin wannan fure daga Jamus. Ina Kano, ina da ɗan fili a tsakar gida. Zai yi? — Wani mai karatu, Kano

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiya ɗaya ce, ba na sa ran zai yi maka fure a Kano. Tsirowa kam zai tsiro in ka shuka a Nuwamba, ya yi maka ganye mai kyau. Amma sanyin hunturunmu na dare ne, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, rana na ɗagawa kuma zafi ya dawo ya warware abin da dare ya ƙulla. Kafin tsiron ya samu abin da yake jira, zafin Maris da Afrilu ya iso ya ƙone shi. Ga kuma matsalar tsawon yini. A Leeds yinin watan Yuni yakan kai awa 17, a Kano ko awa 13 ba ya cikawa.

Akwai wani iri da kamfanin Sakata na Japan ya fitar, mai suna Champion, wanda ke yin fure a shekarar farko ba tare da ya sha sanyi ba. Masu noman furen sayarwa shi suke shukawa, suna ƙara masa hasken lantarki da dare. Shi ma ba ya jure zafi. Da a Jos kake, ko a tsaunin Mambilla, da na ce ka nemi wannan ka gwada a tukunya. Ka duba takardar da ƙanen naka ya aiko, in ba a rubuta cewa yana fure a shekarar farko ba, irin mai rayuwar shekara biyun nan ne.

Tunda irin ya riga ya zo hannunka, ba laifi ka yayyafa kaɗan a tukunyar ƙasa, ka ajiye inda rana ke samu da safe kawai, yara su ga yadda yake. Amma filin tsakar gidan kar ka ba shi. In siffar ƙararrawa ce ta burge ka, ka je wajen masu sayar da furanni a bakin titi ka tambayi Allamanda ko Tecoma. Dukansu furensu rawaya ne mai buɗaɗɗen baki, suna son ranarmu, kuma da reshe ma ana dasa su. Sai dai Allamanda tana da farin ruwa mai ƙaiƙayi a jikinta, ka dasa ta inda ƙananan yara da awaki ba sa kaiwa.