Sun Ce Ciwon Bayana Ba Daga Aikin Soja Ba Ne

Tambaya: Na yi aikin soja a rundunar Amurka, har an tura ni Iraki. Ciwon baya ya hana ni sakat. Na nemi diyyar nakasa a ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, wata uku da suka wuce suka ƙi, wai ciwon bai da alaƙa da aikin. Shi ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ba shi ke nan ba. Ɗauko wasiƙar ƙin da suka aiko maka ka duba kwanan watan da ke samanta, domin daga ranar kake da shekara ɗaya. In ka nemi a sake duba hukuncin cikin wa'adin kuma ka yi nasara, ana iya lissafa kuɗinka tun daga neman farko.

Abu uku VA ke nema: ciwon da likita ya tabbatar yanzu, abin da ya same ka a bakin aiki, da alaƙar da ke tsakaninsu. Na ukun ne ya kayar da kai, kuma ya fi sauƙin gyarawa fiye da yadda mutane ke zato. Ba sai likita ya rantse ba. Ya isa ya karanta takardun lafiyarka na soja, ya rubuta cewa yiwuwar aikin ne ya jawo ciwon ta kai kashi 50 cikin 100, ya kuma faɗi dalilinsa. In hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba soja gaskiya.

Soja da yawa kan daure ciwo ba su je asibitin barikin ba, don kada a ce rago ne. In haka ka yi, nemi wanda kuka yi sintiri tare ya rubuta abin da ya gani da idonsa: nauyin sulke da jakar da kake goyo, daren da ka kwana a ƙasa saboda gado ya gagare ka.

Tun 2019 hanyar neman a sake duba hukunci uku ce. Babban jami'i zai iya sake duba fayil ɗinka, amma ba ya karɓar sabuwar hujja. Hukumar ɗaukaka ƙara tana da alƙali, sai dai jira ya fi tsawo. Ni dai ta ukun zan zaɓa maka, wato sake nema da ƙarin hujja, da fom 20-0995.

Kada ka yi shi kai kaɗai. Wakilan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da American Legion suna taimakawa kyauta.