Askar da take yanka takarda amma take tsigar gemu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi aska mai naɗewa da dutse mai fuska biyu a kasuwa, kwana uku kana wasawa, tana yanka takarda sumul, amma da ka ɗora ta a gemun ƙaninka sai da ya yi ƙwalla. Kana tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi dutsen Japan ɗin nan mai tsada da ka gani a waya. Dakata tukuna. Ko na ba ka shi kyauta yau, gemun ƙaninka ba zai huta ba.

Takarda ba shaida ba ce a wanzanci. Wuƙar yanka albasa ma tana yanka takarda.

Wannan dutse mai ruwan toka da ka saya na mahauta ne da masu adda. Kaushinsa ya yi wa aska yawa, yana barin bakinta kamar haƙoran zarto, ido ba ya gani amma fata tana ji. Ajiye shi don ranar da aska ta yi giɓi. Duwatsun kanti suna zuwa da lamba, kuma yawan lambar shi ne laushin dutsen. Na kasuwa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Aska tana son 1000 don kafa baki, sai 3000 ko 4000 don share zanen da na farko ya bari, sai 8000 don gamawa. Akwai masu haɗa lamba biyu a dutse ɗaya, sun fi sauƙin kuɗi, kuma sun ishe ka shekaru. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai san lamba ba. Yatsa yake jiƙawa ya shafa dutse ya ce wannan na wuƙa ne, wannan na aska. Kai da yatsanka bai ƙware ba, bi lambar.

Kafin aska ta hau dutse, duba ko ya miƙe. Dutsen da ya yi kwari a tsakiya ba zai taɓa ba ka baki madaidaici ba. Ka zana layuka a fuskarsa da fensir, ka shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi, ka goga har zanen ya ɓace ko'ina. In na ruwa ne, mai shan ruwa, jiƙa shi sai kumfa ta daina fita. Kada ka kuskura ka zuba masa mai.

Yanzu ga inda nake zargin ka ɓata. Ka saba ganina da askar maƙera, ina ɗan ɗaga bayanta daga dutse, sai ka kwaikwaya. Waccan hannu ne yake riƙe mata kwana, wato karkatar da take yi a kan dutse, kuma sai an shekara ana yi kafin hannu ya zauna. Mai naɗewa ba haka take ba. Dubi gefenta, za ka ga an rarake shi ciki da waje, baya ya yi kauri, baki ya yi siriri kamar ganye. Maƙeran Solingen a Jamus da na Shafil a Ingila, inda aka shahara da irin wannan aska, suna auna kaurin bayan daidai da faɗin askar, yadda in ka kwantar da ita baya da baki suka taɓa dutse tare, kwanar ta fita da kanta, wajen digiri 15 zuwa 18 in an haɗa na gefe biyu. Sun riga sun yi maka lissafin. Naka kawai ka kwantar da ita, kada bayan ya bar dutse ko sau ɗaya.

Baki ne a gaba, kamar za ka fere ɓawo siriri daga fuskar dutsen. Ka ja ta a karkace, ka fara da gindin askar ka ƙare da kanta, don duk tsawon bakin ya samu rabonsa. In ka kai ƙarshe, juya ta a kan bayanta, ba a kan baki ba, ka dawo da ɗaya gefen. Kuma sassauta hannu. Na san ka, dannawa kake yi kamar mai niƙa. Ƙarfen nan siriri ne, in ka danna sai ya lanƙwasa, bakin ya ɗaga, dutse ya yi ta cin abin da ke bayansa. Ka yi ta gumi, kaifi na nan inda ka bar shi. A dutsen farko ɗan nauyin yatsa ya isa, a na ƙarshe kuwa nauyin askar kaɗai.

Ka kalli ruwan da ke kan dutse. In bakin yana taɓawa duka, za ka ga yana tura ruwa a gabansa, layi ɗaya daga gindi har kai, ruwan yana yin baƙi-baƙi da garin ƙarfe. Inda ruwa yake silalewa ta ƙarƙashi, nan bai taɓa ba.

Duk aikin a dutsen 1000 yake. Gefe biyu ne za su ci gaba da cinyewa har su haɗu a layi guda, kuma in ba su haɗu ba, dutse mai laushi ba zai haɗa su ba, ƙyalli kawai zai sa musu. Na sha ganin aska tana sheƙi kamar madubi, ba ta iya cire gashin hannu. Don ka tabbatar, shafa tawadar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a bakin gefe biyu, ka ja sau uku ko huɗu, ka duba. Inda tawada ta rage, dutse bai kai ba. Sannan ka fita rana, ka sa bakin yana kallon sama, ka juya shi a hankali. Bakin da ya haɗu ba ya walƙiya, don babu faɗin da haske zai sauka. In ka ga ɗigon haske, koma dutse. Gwaji na ƙarshe gashin hannunka ne: a gindi, a tsakiya, a kai, kowane wuri ya ɗebe gashi ba tare da ka matsa ba. Sai duk ukun sun ci za ka wuce gaba. Sabuwar aska ko tsohuwar da aka wulaƙanta tana iya cin sa'a guda a nan. Sauran duwatsun kuwa ja ashirin ko talatin kowanne, ka wanke askar tsakaninsu don kada tsakuwar mai kaushi ta bi ta.

Fatar da ake goga aska a kanta bayan wasawa kuma akasin dutse ce: baya a gaba, baki yana bi. Ja ta ta miƙe sosai, in ta yi sako-sako za ta dunƙule maka bakin da ka sha wahala a kansa. Sau talatin zuwa hamsin kafin kowane aski. Wanda yake kula da fata ba ya yawan komawa dutse. Shafa aska a tafin hannu da kake gani muna yi, bar shi sai nan gaba, hannunka biyu ne kawai.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Na ga yara suna kunna wa aska wuta da sunan kashe cuta. Bakin da ya yi siriri haka nan take yake zafi, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, ya koma ba ya riƙe kaifi. Tsabtar kuwa dole ce, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai mako guda da rai a busasshen jini. Wanke da sabulu, tsoma a sifirit, goge ta bushe ƙarau, ka shafa ɗan mai kafin ta shiga zabira, musamman da damina da tsatsa ba ta jira. Wanda ya ce shi sai sabuwar reza, ba shi, kada ka yi gardama.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da askar da dutsen. Ina da wata tsohuwa a zabira da ba na jin ciwon ta lalace, a kanta za ka fara. Ka ba ƙaninka haƙuri, ka ce ya zo tare da kai in ƙarasa masa ɗaya gefen.