Shin Tears of the Kingdom ya rushe tarihin Zelda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina buga wasannin bidiyo na Zelda na kamfanin Nintendo, tun daga Ocarina of Time. Da na gama Tears of the Kingdom sai kaina ya ɗaure. An ce Rauru ne sarkin farko da ya kafa masarautar Hyrule, alhali Raurun da na sani dattijo ne mai kula da haske. Na kalli wani bidiyo, mai shi yana rantsuwa cewa Nintendo ta soke tsofaffin wasannin gaba ɗaya. Wani kuma ya ce akwai ɓoyayyen tsari tun farko, mu ne ba mu gane ba. Ni da abokina har mun fara gaba a kan maganar nan. Don Allah wanne ne gaskiya? Ko duk labarin da na riƙe shekara da shekaru ya tashi a banza?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, babu abin da aka soke. Raurun Ocarina of Time na 1998 ɗan Adam ne, Raurun Tears of the Kingdom na 2023 kuwa daga ƙabilar Zonai yake. Mutum biyu ne masu suna ɗaya, kamar yadda Link, jarumin wasan, da Gimbiya Zelda da mai kula da ita Impa suke maimaituwa a wasanni da yawa. Kuma a jerin tarihin da Nintendo ta wallafa a shafinta, ta ajiye Breath of the Wild da Tears of the Kingdom a gefe guda, ba ta jona su da kowane reshe na tarihin ba, tsofaffin kuma suna nan daram a inda suke. Mai bidiyon farko dai masu kallo yake nema.

Saɓanin da ka hango kuwa gaskiya ne, har ma ya fi yadda ka zata. A zamanin Sarki Rauru akwai 'yan Rito, ƙabilar masu siffar tsuntsaye, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka taya shi yaƙi ɗan Rito ne. Amma The Wind Waker ya nuna mana cewa daga Zora, ƙabilar mazauna ruwa, suka samo asali bayan ambaliya ta cinye Hyrule, shi ya sa Medli 'yar Rito ta gaji Laruto 'yar Zora. To idan kafuwar masarautar ta riga Ocarina of Time, daga ina Rito suka fito? Ga kuma Ganondorf, babban mugun labarin, da aka ɗaure a ƙarƙashin fada tun wancan zamani. Idan haka ne, ashe lokacin da Ganondorf na Ocarina yake durƙusawa gaban sarki, akwai wani Ganondorf a ƙarƙashin ƙafafunsa. Fassarar da ta fi kwanta mini ita ce an sake kafa masarautar ne bayan tsohuwar ta shuɗe da daɗewa. Wannan ba baƙon abu ba ne, tunda a Spirit Tracks na 2009 ma sabuwar Hyrule ce aka gina a wata ƙasa. Amma ka lura, ra'ayina ne, wasan bai faɗa da bakinsa ba.

Yanzu bari in zo kan na biyun, domin shi ne ciwon da nake fama da shi kullum. Wai an tsara komai tun 1986, kuma duk inda labari ya ci karo da labari, wata alama ce aka binne wa masu basira. Da ka nuna musu saɓani sai su ce ai ruwa ba ya tsami banza. Wallahi wannan magana ta ɓata tunanin masu son wasan fiye da kowace jita-jita.

Ka dubi yadda jerin ya samu. Sai a 2011, shekara 25 bayan wasan farko, aka fitar da cikakken jeri a littafin Hyrule Historia. A nan aka raba tarihi gida 3 bayan Ocarina of Time. Biyu daga ciki suna da tushe a ƙarshen wasan: zamanin da Link ya koma yaro, wanda ya haifi Majora's Mask da Twilight Princess, da zamanin da ya bari a baya, wanda ya haifi The Wind Waker. Na ukun fa, inda aka ce Ganon, wato Ganondorf a siffar dodo, ya kayar da Link? Ka buga Ocarina daga farko har ƙarshe, ba za ka ga wannan a matsayin ƙarshen labari ba. Ana buƙatarsa ne saboda A Link to the Past na 1991 da wasannin farko sun rasa wurin zama, tunda sababbin wasanni sun riga sun mamaye rassan nan biyu. Gyara ne aka yi daga baya, kuma gyara mai kyau, amma gyara ne. Bayan haka ma, da Hyrule Encyclopedia ya fito a 2017, an sauya wa Link's Awakening wuri, aka kawo shi kafin wasannin Oracle bayan da can yana bayansu. Abin da aka kulle tun farko ba ya motsi haka cikin shekara 6.

Masu yin wasan ba su taɓa ɓoye hanyarsu ba. Shigeru Miyamoto da Eiji Aonuma sun sha bayyana cewa salon wasa suke fara ginawa, labari ya biyo baya. Suna son Link ya tuƙa kwalekwale, sai aka nutsar da duniya a ruwa. Suna son ya tashi sama, sai aka samo tsibirai a sararin samaniya. Breath of the Wild na 2017 ma da gangan ya debo daga kowane reshe: sunayen Ruto da Nabooru na Ocarina suna cikin sunayen manyan injinan yaƙi Vah Ruta da Vah Naboris, na Medli yana cikin Vah Medoh, jawabin Zelda a wajen naɗin Link ya taɓo zamanin almuru na Twilight Princess, sannan ga Zora da Rito suna zaune a ƙasa ɗaya. An jefa labarin can gaba, har yaƙin da ake kira na dā ma shekara 10,000 ke nan da yin sa, domin tsofaffin abubuwa su zama tatsuniyar da bakuna suka cakuɗa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda masu shaci-faɗin nan suke aiki. Mutum zai tsinci zane a jikin bango, ya haɗa shi da rabin jimla daga wata hira da bai karanta ba, ya sa hoto mai jan kibiya, ya ce ya tono sirrin da aka ɓoye. Ba ya gaya maka inda wasa ya tsaya da inda hasashensa ya fara. Yaro ya kalla ya haddace, gobe ya zagi wanda ya yi masa gyara. Har ta kai wasu ba sa iya jin daɗin sabon wasa, suna ta neman inda zai shiga a jadawali, Sonia matar Sarki Rauru tana mutuwa a gabansu su kuma suna lissafin shekaru. Hasashe ba laifi ba ne, rabin daɗin Zelda ke nan. Laifin shi ne a sayar da shi a matsayin hukunci, a kuma mayar da wanda bai yarda ba jahili.

Saboda haka duk wanda ya kawo maka magana, ka tambaye shi a ina aka faɗa: a cikin wasa, a littafin Nintendo, ko a kansa? Idan a cikin wasa ne, ka sake tambaya wa ya faɗa, domin tsohuwar da ke ba da labarin abin da ya faru shekara dubbai ba ganau ba ce. Abokinka kuma ka neme shi yau ɗin nan, ku zauna ku baje hujjar Rito da ta Ganondorf, kowa ya faɗi tasa fassarar a matsayin tasa.