Tambaya da Amsa: Iyaye Sun Ce Wasa Kawai Nake Koya wa Yaransu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar rauda ce, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, yaƙi ya taso mu daga Sinja a 2024 muka sauka a Gadarif, duk a ƙasar Sudan. Na tara yara 18, 'yan shekara 4 zuwa 5, a zauren maƙwabcinmu, amma wasu iyayen suna cewa wasa kawai nake sa su, gara a mayar da su halwa, wato makarantar allo. Ga shi wata uku ke nan ban ga ladan aikina ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Kada ki yarda maganar ta zama gardama tsakanin rauda da makarantar allo, domin ba za ki yi nasara ba, kuma babu dalilin yin ta, tunda tsarin ilimin Sudan ya lissafa su duka biyu a matakin share fagen shiga firamare. Ki nemi mijinki ko wani dattijo ya raka ki wurin malamin halwar, ku raba lokaci: allo da sassafe, rauda da hantsi. Idan shi ya amince, bakin iyaye zai mutu.

Batun wasa kuwa, ki gayyaci uwayen su zauna a bakin zaure rana ɗaya. Su ga yarinya tana jera murafun kwalba tana ƙirgawa da Hausa, sannan ta maimaita da Larabci, su ga yaron da ƙarar babur ke sa shi ɓuya bayan ƙofa ya fito yana gina ɗaki da taɓo. Yaron da ya ji harbi da kunnensa sai hankalinsa ya kwanta karatu ke shiga, kuma wasa ne ke kwantar da shi. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Sudan ta amince da ita a 1990, ta ambaci wasa a sashe na 31, ko da yake ba na jin takarda za ta gamsar da kowa kamar abin da ido ya gani.

Maganar kuɗi kada ta fito daga bakinki, don kunya za ta sa ki haƙura. A zaɓi uwaye uku su riƙa karɓa a farkon wata, wanda ba shi da fam ya kawo mudun dawa, marayu kuma a nemi liman ya sanar da jama'a a ɗauki nauyinsu.