Amsa kan goge tabon ƙuraje da hasken leza

'Yar'uwa, kin tambaya ko na'urar leza za ta share miki ramukan da ƙurajen fuska suka bari. Tana rage su sosai, amma kada ki sa ran fata sumul irin ta jinjiri. Irin na'urar da ake kira CO2, ƙananan ramuka take hudawa a fata da zafin haskenta, sai jiki ya saƙa sabon nama ya cike gurbin. Yawanci sai an koma sau 3 zuwa 5, da tazarar wata guda ko fiye.

Abin da ya fi damuna launin fatarmu ne. Baƙar fata in ta sha zafi, ƙara duhu take yi. Ƙanwata ta yi, kwana biyar fuskarta a kumbure tana ɓawo, daga baya kumatunta suka yi dabbare-dabbare, sai da aka kusa wata shida suka washe, don ta ci gaba da shiga rana ba man kariya.

Don Allah likitan fata za ki gani, ba shagon kwalliya ba. Ki faɗa masa gaskiya in kina shafa man bilicin, ko in tabonki kan yi tudu bayan ciwo ya warke. Ki roƙe shi ya fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne.